Tafintan Taubashina

Sunan Lawali kaɗai ne a jikin kwalin. Matar da ta zo tarbarmu a filin jirgi ta ɗaga shi sama, an rubuta da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma an ƙara da cewa darakta. Na duba gabansa, na leƙa bayansa ko nawa sunan yana can, babu. Kwana biyu muna hanya. Mun wuni cur a wani filin jirgi na tsakiya muna gyangyaɗi a kan kujerun ƙarfe. Ni ne mai tambayar ƙofa, ni ne mai cike takardu, ni ne na yi wa jami'in shige da fice bayani har bakina ya bushe lokacin da ya ƙi yarda cewa wannan mai fason ƙafar baƙon girma ne. Amma da muka fito, Lawali aka zo ɗauka. Ni ina cikin kayan da ya zo da su.

"Sarkin Amare, mi anka rubuta nan?" in ji shi, yana nuna kwalin da haɓa.

"An ce jama'a su toshe hanci, mai albasa ya iso."

Ya bushe da dariya, matar ma ta taya shi ba tare da ta san dalili ba. Sunanta Marta, tana cikin masu zaɓen finafinan da ke shiga gasa. Ta miƙa masa hannu, ya dafa ƙirji ya rusuna, ita ma ta janye ta dafa nata. Ta ce in gaya masa ta kalli fim ɗinsa sau huɗu. Na ce masa sau biyu.

Lawali ɗan kawuna ne, wan mahaifiyata da ke Bakura, ni kuma a Talata Mafara aka haife ni. Taubasai ke nan. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da daɗin baki ba. Ya ce ni bawansa ne, in ce shi ne nawa, manya su yi ta zuga mu suna dariya. Sarkin Amare da yake kirana kuwa saboda sana'ata ne. Shekara goma sha huɗu ina ɗaukar bidiyon biki da suna da walima, ina da shago kusa da tasha, kyamara biyu, kwamfuta da janareto. A duk yankinmu in aka ce mai fim, ni ake nufi. Har fim na yi a kan dam ɗin Bakolori, na yi hayar ƙaramin jirgin ɗaukar hoto ya zagaya saman ruwan, na sa kiɗa, na ɗora muryata ina bayani da Turanci. Sau uku ina aika shi wannan biki na finafinai da ke Turai, bikin da ya girmi Kawu a shekaru, wanda duk mai riƙe kyamara a duniya ke mafarkin a kira sunansa a can. Sau uku suna aiko mini da wasiƙar ba da haƙuri.

Shi kuwa Lawali manomin albasa ne, aji huɗu ya bar makaranta. Gonar Kawu tana can ƙarshen layi, sai ruwan kanal ya gama da kowa kafin ya iso ta. Wani rani da ruwan ya yi jinkiri, ya hau babur ya tafi Maradun har bakin dam, wai zai ga inda ya tsaya. Daga nan ya biyo ruwan a ƙasa da wayarsa mai fasasshen gilashi, yana ɗaukar duk wanda ruwan ya ratsa ta gonarsa: masu shinkafa, masu alkama, mata masu wanki, mai shayar da shanu. Rani uku yana wannan aikin banza, kamar yadda na riƙa kiransa. Ƙarshen fim ɗin Kawu ne tsugune a bakin fangalin albasarsa yana jira, har ɗan siririn ruwan ya leƙo.

Shagona ya kawo a haɗa masa. Ya zauna a gefena yana cewa yanke nan, bar wancan, mayar da wannan baya. Na ce a sa kiɗa, ya ƙi. Na ce in ɗora murya, ya ƙi. Na ce wurin jiran Kawu ya yi tsawo, mutane za su yi barci, ya ce su yi. Da aka gama ni na cike takardar shiga gasa na aika, kuma in faɗi gaskiya, na aika ne don shi ma ya ɗanɗana wasiƙar haƙuri ya daina damuna. Sai ga amsa: an ɗauki fim ɗin a gasar waɗanda suka yi fim ɗinsu na farko, za a kawo shi, da tafinta ɗaya. Na karanta wasiƙar ni kaɗai a shago, na yi kwana biyu kafin na kira shi.

Zango na farko da ya raba mu shi ne masauki. An kai Lawali wani otal da ke kallon kogi, taku kaɗan daga zauren bikin. Ni aka ba ni takarda da taswira, aka ce nawa yana bayan gari, ɗaki ɗaya mu shida, gado a kan gado. Aka rataya mana kati a wuya, nasa ja, nawa ruwan toka. Ban san bambancin ba sai da na gwada shiga ɗakin shan shayi na baƙi. Jan kati yana buɗe kowace ƙofa. Nawa ba ya buɗe komai sai in na Lawali yana gaba.

Lawali ya ce in zo mu kwana ɗakinsa, gadon ya ishi mutum uku. Na ce ba na kwana da bayi. Ya yi dariya, ni kuwa girman kai ne ya hana ni, kuma na sha wuyarsa.

Washegari da safe na tsaya gaban injin sayar da katin jirgin ƙasa ina kallonsa yana kallona. Mutanen garin ba Turanci suke yi ba, nasu yaren daban, ilimin da nake taƙama da shi ya tashi a rabi. Wani mutum mai rigar ma'aikata ya matso da fara'a, ya ce kada in wahala, ga katin mako guda a hannunsa, ya fi sauƙi. Na saya, har na yi masa godiya. Tasha uku muka yi masu duba kati suka shigo. Ashe katin na makon da ya wuce ne. Da suka ga katin biki a wuyana suka yi mini rangwame, suka sauke ni kawai a wata tasha da ba kowa, ana yayyafi mai sanyin da ke shiga ƙashi. Na bi gefen titin jirgin a ƙafa fiye da awa guda, cikin takalmin da nake sawa in zan ɗauki bikin manya. A hanyar nan na tuna shayin Talata Mafara da safe, da hayaniyar 'yan acaɓa a bakin shagona, har da ƙarar janareton da kullum nake tsinewa.

Na iso zauren jiƙe sharkaf. Ta gilashi na hango Lawali cikin wata sabuwar rigar sanyi da aka ba shi, riƙe da kofi, masu hoto biyu suna ta juya shi. Na nufi ƙofa, mai gadi ya duba katina ya girgiza kai. Na ja tsaki na ce, "Wannan wace irin masifa ce."

"Bahaushe, daga ina?" in ji mai gadin.

Na ɗaga kai. Dattijo ne baƙi, dogo, da furfura a gemu. Malam Hamidu sunansa, mutumin Birnin Ƙonni, ya daɗe a ƙasar, kuma duk shekara in bikin ya zo shi ke tsaron wannan ƙofa. Muka tsaya muka gaisa gaisuwar gida, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, ya tambayi hanya, mutane na jira a bayana bai kula ba. Ya kai ni wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene, ya ba ni busasshiyar safa da tsohuwar rigar sanyinsa. A nan yake salla, ya shimfiɗa kwali, ya manna ɗan tef a bango wajen alƙibla. Da azahar ya buɗe kwanon da matarsa ta zuba masa, tuwo da miyar kuka, ya tura mini gabana ya ce shi ya ƙoshi. Na san ba gaskiya ba ne, na kuma cinye.

Rana ta uku aka nuna fim ɗin. Zauren ya cika maƙil. Aka kashe fitila, sai ga ruwan Bakolori a allon da ya kai bangon gida tsawo. Na kalli fim ɗin nan ya fi sau hamsin a kwamfutata, amma ban taɓa jinsa ba sai ranar. Kukan kurciya, tarin injin ban-ruwa daga nesa, wata mata tana kiran ɗiyarta. Da aka zo wurin Kawu, ga fuskarsa, ga hular da na san ta tun ina yaro, ɗaruruwan mutane suka yi tsit suna jira tare da shi. Ba wanda ya yi barci. Lokacin da ruwan ya leƙo fangalin na ji wata tsohuwa a gefena ta sauke numfashi. Ni ma hawaye nake yi, na kewar gida. Da fitila ta dawo aka miƙe ana tafi, sai hawayen suka tsaya, wani abu mai ɗaci ya taso mini. Hassada ce, ba ni da wani suna da zan ba ta. Na ce a raina, shekara goma sha huɗu, sai mai albasa.

Aka kira mu kan dandamali don amsa tambayoyi. Wani ya tambaya me ya sa babu kiɗa ko kaɗan.

Lawali ya ce, "Wanda ka jiran ruwa ba shi son kiɗi. Kunne yaka kasawa shi ji ko ya taho. Na so ku ma ku kasa kunne kamar Baba."

Na juya ga jama'a na ce, "Ya ce bai samu mai kiɗa ba."

Aka ɗan yi dariya, aka wuce. Da muka fito, Malam Hamidu yana bakin ƙofa. Ya yi wa Lawali barka da hannu biyu. Ni kuwa ya bari sai da na zo wucewa ya ce a hankali, "Malam Murtala, ni ma ina jin Turanci kaɗan-kaɗan." Na yi kamar ban ji ba.

Kashegari da rana aka yi liyafar masu gasa. Wurin ba kujera, dogayen tebura ne kowa a tsaye, abincin kuma ɗan mitsi-mitsi a tsinke, ba ka san abin da ke ciki ba. Mu dai burodi da 'ya'yan itace muka tsaya a kai. Mutane suka yi ta zuwa wurin Lawali, wannan ya ba shi kati, wancan ya ce a ɗauke su hoto, kuma ni ake miƙa wa wayar in ɗauka. A nan na fahimci abin da kyautar take nufi. Ban da ɗan gunkin da ake miƙawa, wanda ya ci ana ɗaukar nauyin fim ɗinsa na gaba. Lawali ya riga ya gaya mini abin da yake so ya yi, zai bi albasa daga gona har inda ta ƙare a kudu. Kuma daga yadda ake kallonsa, kowa na ganin yana cikin na gaba-gaba.

Marta ta zo da wani dogon mutum mai tabarau, ta ce shi ke kula da dokokin gasa. Ta tambaya yaya muka yi aiki tare, ni da shi.

Na fassara wa Lawali. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Hwaɗa mata kai yarona ne, kai ka ɗaukar man jaka."

Wannan kam na fassara shi daidai, suka yi dariya. Sai na ɗora nawa, da Turanci, ina murmushi. Na ce a gida wannan bawana ne, gadonsa na yi. Na ce waya kawai ya riƙe, ko kunna kwamfuta bai iya ba. Na ce duk abin da kuka tafa wa jiya a shagona aka yi shi, da hannun nan, ni na san inda aka yanke da inda aka bari, shi dai an sa sunansa ne don labarin manomi ya fi daɗin ji.

Lawali na ganin ina murmushi, shi ma yana yi. "Mi kac ce masu?"

"Na ce kai ag gwani."

Marta ba ta yi dariya ba. Mai tabarau ya dube ni, ya dubi Lawali, ya ce a gafarce shi, ya tafi.

Kusan duk kalmomin nan na sha faɗa wa Lawali su a gaban jama'a, a zauren Kawu, a kasuwa, har a ranar ɗaurin aurensa, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarsu a bakin komai. Amma wasan taubashi yana da ƙa'ida, ko ba a faɗa ba kowa ya san ta. A gaban mutum ake yi, da harshen da yake ji, don ya rama. Ni na yi nawa da harshen da ba ya ji, ga mutanen da ba su san wasan ba, kuma na san ba su sani ba. Duk hanyar komawa masauki ina ce wa kaina ai wasa ne.

Da safe na tarar da Malam Hamidu yana jirana a waje, ba a bakin ƙofarsa ba. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba.

"Mi kah hwaɗa ma mutanen ga jiya?"

"Wasa ne, Malam. Taubashina ne."

"Su ba su da taubashi nan. Sun riƙe fim ɗin. Sun ce in ba shi yay yi shi ba, takardar da anka cike ƙarya ta, hidda shi za su yi. Kuma yau alƙalan gasa ka zama."

Ya ce an kira mu ƙarfe goma, kuma tun da ni ne na yi maganar ba za a bar ni in yi tafinta ba, shi aka roƙa ya yi.

Ƙaramin ɗaki ne a hawa na biyu. Marta, mai tabarau, Malam Hamidu, sai mu biyu. Lawali ya shigo da fara'arsa, yana zaton wata hira ce da 'yan jarida, har ya taka mini ƙafa da gangan yana zama. Mai tabarau ya karanto abin da na faɗa, ya rubuta shi tsaf. Malam Hamidu ya sunkuyar da kai yana kallon tebur, ya mayar da shi Hausa ɗaya bayan ɗaya, bai rage ba, bai ƙara ba. Da ya zo wurin da na ce an sa sunansa ne don labarin manomi ya fi daɗin ji, muryarsa ta yi ƙasa. Wannan ba ya cikin zagin da muka saba, sabo ne, kuma Lawali ya san sabo ne.

Bai dube ni ba. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Can sai ya yi dariya, irin wadda ban san shi da ita ba.

"Malam, hwaɗa masu wanga ɗan gwaggona ne. Mu haka muke, ni da shi. In ya ce ni bawanai ne, ni ma haka nika ce mai. Al'ada ta. Ba shi da laihi, su ne ba su san mu ba."

Malam Hamidu ya yi musu dogon bayani, har ya kawo misali da nasa taubasan na Ƙonni. Marta ta ɗan saki fuska. Mai tabarau ya ce ya ji, amma batun wanda ya yi fim ɗin yana nan. Lawali ya zaro wayarsa mai fasasshen gilashi ya ajiye a tebur. Suka haɗa ta da kwamfuta suka shiga dubawa. Ga rani uku a ciki, guntu-guntu, kowanne da ranarsa: inuwarsa a kan ruwa, ƙafafunsa a taɓo, muryarsa yana gaida mutane yana neman izni. Abubuwan da ban taɓa gani ba ma suna ciki, waɗanda ya ware gefe tun kafin ya zo shagona. Suka fi awa biyu a kai.

Daga nan Marta ta juyo gare ni. Ta ce tambaya ɗaya za ta yi mini, wa ya yanke shawarar yadda fim ɗin zai kasance.

Na ce shi ne. Na ce hannuna ne a kan kwamfuta, amma duk abin da na kawo ya ƙi shi. Kiɗa, murya, rage tsawon jiran tsohon, duk ni na nema, duk ya hana. Na ce da ya bi shawarata da fim ɗin bai zo nan ba, domin irin wancan mai kiɗa da murya na yi da kaina na aiko muku sau uku.

"To, jiya wasa kake yi?" in ji ta.

Ga ƙofa Lawali ya buɗe mini, abin da ya rage in ce e in wuce. Na dubi hular da ke gwiwarsa. Na ce mata kalmomin na wasa ne, amma ni ba da wasa na faɗe su ba, baƙin ciki nake yi da shi tun ranar da wasiƙarku ta zo.

Malam Hamidu ya ɗago ya dube ni, yana tambayata da ido ko ya fassara. Na ce ya bari. Na juya ga Lawali na faɗa masa da kaina, da Hausa, har da batun kiɗan da na murɗe a kan dandamali, har da kwana biyun da na ɓoye wasiƙar. Ya saurara har na gama.

"To," ya ce. "Na jiya."

Sai bayan la'asar aka sanar da mu an mayar da fim ɗin gasa. Alƙalai kuwa tun safe suke zaune. Marta ta ce an sanar da su kafin su tashi, kuma sun duba shi kamar kowane. Na tambayi Malam Hamidu ko haka abin yake, shi da ya ga shekaru a wurin. Ya ce shi mai tsaron ƙofa ne, bai taɓa shiga ɗakin ba.

Ranar ba da kyaututtuka Lawali ya sa farar shaddarsa da hula, ya taka jar dardumar nan da ake shimfiɗa wa manya kamar a kanta aka haife shi. Ni ina bayansa da katina ruwan toka. Aka yi ta kiran sunaye, tsofaffin da suka shekara hamsin suna sana'ar suna hawa suna sauka. Da aka zo gasarmu na runtse ido ina addu'a, kuma a karo na farko tun da muka baro gida da gaske nake roƙa masa. Aka kira wata yarinya daga wata ƙasa mai nisa. Lawali ne ya fara miƙewa yana tafa mata. Fim ɗinta mai kyau ne, na gani. Ko da ban buɗe bakina ba wataƙila ita za ta ci. Wataƙila kuma ba ita ba. Wannan ba zan taɓa sani ba, shi ma haka.

Da za mu tafi na je mayar wa Malam Hamidu rigarsa, ya ce in riƙe, filin jirgi da sanyi. Ya ba Lawali ɗan ƙunshin turare ya kai wa Kawu. Ni ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce Allah shi gyara, bai ƙara komai ba. A jirgi Lawali ya bar mini kujerar taga. Da aka kawo abinci ya tambaye ni ko akwai abin da bai halatta ba a ciki, na duba na ce babu, ya ce ya gode.

A Bakura an taru a ƙofar gidan Kawu kamar ranar suna. Lawali ya ba da labarin komai, zauren, tafin, sanyin ƙasar, mutumin Ƙonni. Ya ce ba a ci kyauta ba, amma an ga Baba a bangon duniya. Kawu ya yi ta murmushi yana cewa shi dai ruwa yake jira, bai san ana kallonsa ba. Wani ya tambaya yaya Sarkin Amare ya yi a can, ko ya ba da kunya. Jama'a suka gyara zama, an san yanzu za a sha dariya.

"Malam Murtala ya yi ƙoƙari ƙwarai," in ji Lawali. "Ba don shi ba da ko ƙohwar jirgi ban gane ba. Allah shi saka mai."

Aka yi shiru ana jiran sauran, sauran bai zo ba. Da aka kawo abinci ya sa aka zuba mini nawa daban a kwanon baƙi, ya kawo mini ruwan wanke hannu da kansa. Kawu ya dube shi, ya dube ni.

"Ku biyun ga, mi yaf faru can?"

"Ba komi, Baba," in ji Lawali. "Girma ne ya zo."

Har yau bai gaya wa kowa ba. Ya fara bin albasarsa da wayar, ba tare da taimakon kowa ba, kuma na ji a Gusau yake kaiwa a haɗa masa. In ya shigo kasuwa ranar Talata yakan biyo ta shagona, ya yi sallama, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye wa maiɗakina albasa. Na nemi gafararsa sau biyu, ya ce ai ya yafe tun a can, kuma na yarda ya yafe. Wani lokaci nakan gwada, in ce wa ya bar bawan nan ya shigo mini shago da warinsa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Gaskiya ne, Malam, daga gona nike."

Shekara biyu ke nan Lawali bai zage ni ba ko sau ɗaya.